Matan Ayilan da suka cinna wuta don a kore su daga ƙasarsu

Mace ta cinna wa tarin ciyawar wani wuta, ta koma gefe tana jiran 'yan sanda. Ba taɓin hankali ba ne, yunwa ce. Daga 1845 cuta ta lalata dankalin da talakawan Ayilan suka dogara da shi, mutane wajen miliyan ɗaya suka mutu. A shekarun nan mata da dama sun ƙona ciyawa ko bukka da gangan, wasu har suka faɗa wa alƙali da bakinsu cewa so suke a tura su Ostireliya. Can dai ana ba fursuna abinci.

Wannan hukunci na korar fursunoni zuwa Ostireliya ya daɗe. Tun 1791 jirgin ruwa mai suna Queen ya tashi daga garin Cork na Ayilan da fursunoni maza da mata zuwa Sydney. Laifin yawancin matan bai wuce satar tufa ko 'yan kuɗi ba, amma hukuncin shekara 7 ne. Daga baya akan tara su a kurkukun Grangegorman da ke Dublin, sannan a yi tafiyar kusan wata 4 a teku zuwa tsibirin Van Diemen, wato Tasmaniya ta yau, a kudancin Ostireliya. Wasunsu ko Turanci ba sa ji, sai harshen Ayilan.

Da sun sauka sai a raba su gidajen Turawa su yi aikatau. Wadda ta yi wa uwargida tsiwa, ko ta sha giya, ko ta kwana a waje, sai a mayar da ita gidan horo na Cascades a Hobart, babban birnin tsibirin, wanda aka buɗe a 1828. Wanki ne a ruwan sanyi daga safe har yamma, wata kuma a yi mata aski ƙwal don tozarci.

Abin da ya fi ciwo shi ne maganar ciki. Baiwar Allah ta ɗauki ciki a gidan aiki, sau da yawa ba da sonta ba, ita ce mai laifi. Ta haihu, ta shayar na wasu watanni, a ƙwace jaririn, ita kuma a ƙara mata wata 6 na aiki mai tsanani. Namijin fa? Da wuya a ko tambaye shi. Jarirai da yawa sun mutu a ɗakunan renon nan saboda cunkoso da zawo.

An daina kai fursunoni tsibirin a 1853. Gwamnatin Birtaniya, wadda ke mulkin Ayilan a lokacin, ba ta biyan kuɗin jirgin komawa, don haka yawancin waɗanda suka gama wa'adinsu can suka yi aure suka zauna.