Lacca: Alkawarin Microsoft da hayaƙin da ke cikin siminti

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, ɗalibai, da iyayenmu da ke zaune a gaba, barkanku da yamma.

In aka ambaci hayaƙin da ke ɗumama duniya, hankali kan tafi ga matatar mai ko manyan motoci. Ba kowa ke tuna kamfanin kwamfuta ba. To yau a kan ɗaya daga cikinsu zan tsaya, wato Microsoft na Amurka, saboda ya yi alkawari a bainar jama'a kuma duk shekara yana fitar da lissafinsa. Ke nan muna da abin aunawa.

A watan Janairun 2020 kamfanin ya ce kafin 2030 iskar kabon, wato hayaƙin nan mai ɗumama duniya, da zai riƙa janyewa daga sama za ta fi wadda yake fitarwa. Ya ƙara da cewa zuwa 2050 zai kwashe duk wadda ya fitar da kansa ko ta hanyar lantarki tun kafuwarsa a 1975.

Kafin a rage abu sai an san yawansa. Masu wannan lissafi kashi uku suke yi masa. Ku ɗauki mai shago: hayaƙin janaretansa shi ne na farko, hayaƙin tashar da ke ba shi wuta na biyu, na uku kuma wanda aka fitar wajen yin simintin da ya gina shagon da kayan da ya jera a ciki. Ku riƙe na ukun nan, can maganar take.

Biyun farko sun fi sauƙi. Tun 2012 Microsoft ya ɗora wa sassansa haraji na cikin gida: sashen da ya jawo hayaƙi zai biya daga kasafinsa, kuma a 2019 kuɗin ya kai dala 15 kan kowane tan. Wannan dabara ta burge ni, domin manaja ba ya wasa da abin da ke taɓa aljihun ofishinsa. Sannan kamfanin na ƙulla yarjejeniya ta shekaru da masu samar da wuta daga rana da iska, su kuma da takardar nan suke samun rancen gina tashar.

Amma cibiyar adana bayanai ba ta barci. Dubban na'urori ne jere cikin manyan ɗakuna, suna aiki dare da rana, suna zafi, ana sanyaya su. Da tsakar dare babu rana, iska ma takan kwanta. Shi ya sa a Satumbar 2024 Microsoft ya sa hannu kan yarjejeniyar shekara 20 da kamfanin Constellation don farfaɗo da injin nukiliya na Three Mile Island a jihar Pennsylvania, wanda aka rufe a 2019. An taɓa yin hatsari a tashar a 1979, amma ba wannan injin ba ne, maƙwabcinsa ne.

To me lissafin ya nuna? A rahoton 2024, kashi na ɗaya da na biyu sun ragu da kusan 6 cikin ɗari in aka kwatanta da 2020. Amma jimillar hayaƙin gaba ɗaya ta ƙaru da kusan 29 cikin ɗari, domin kashi na uku ya ƙaru, shi kuwa ya fi 96 cikin ɗari na duka hayaƙin. Gine-ginen da ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ke kwaikwayon tunanin ɗan Adam, ke buƙata ne suka jawo haka: siminti, ƙarfe, da ƙananan kayan cikin kwamfuta da akasari a Asiya ake ƙera su.

Bari in ɗan daɗe a kan siminti. Ana yin sa ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa a wuta mai tsananin zafi. Ko da wutar ta kasance mai tsafta ce, dutsen da kansa yana sakin iskar kabon yayin da yake gasuwa. Sayen wutar rana ba ya maganin wannan. Shi ya sa kamfanin ya fara amfani da katakon da aka manna falle-falle a wasu gine-ginensa na arewacin Virginia don rage siminti da ƙarfe, ya kuma gindaya wa manyan masu kawo masa kaya sharaɗin komawa wuta marar hayaƙi kafin 2030.

Abin da ya gagara ragewa, sai a biya wasu su janye shi. Kamfanin Climeworks na da injina a Iceland da ke tsotso kabon daga iska, a tura shi ƙarƙashin ƙasa ya zama dutse, kuma Microsoft na cikin masu saye. Aikin gaskiya ne, amma da tsada, kuma abin da ake tsotsowa kaɗan ne ƙwarai a kan abin da ake zubawa.

Ni dai na yaba da suka fito da lambar 29 ɗin nan ba su ɓoye ba. Sai dai ban yarda a dogara da janyewa ba alhali ginin na ƙaruwa. Ku ɗalibai, duk kamfanin da ya ce muku ya rage hayaƙi, ku tambaye shi wane kashi, kuma daga wace shekara ya fara ƙirga.

A nan zan dakata, masu tambaya su miƙa hannu.