Amsoshin Tambayoyinku: Wace Bindiga Da Wane Harsashi Ake Farautar Barewa Da Su A Amurka Da Turai?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓa a yau duk sun taru a kan batu ɗaya, wato bindigogi da harsasan da mafarautan Amurka da Turai ke harbin barewa da su.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Kano, wanda ya ce yakan ji ana ambaton lambobi irin su .30-06 da .308, yana so a fayyace masa ma'anarsu, a kuma gaya masa wanne ya fi.

To Malam, lambar farko tana nuna faɗin harsashin ne da ma'aunin inci, saboda haka .30 na nufin kashi 30 cikin ɗari na inci, kimanin milimita 7.6 ke nan. Lamba ta biyu a .30-06 kuwa shekara ce, domin a 1906 sojojin Amurka suka fara aiki da shi, daga baya ya faɗa hannun mafarauta. Kafin shi akwai .30-30 wanda kamfanin Winchester ya fito da shi a 1895, wanda har yau ake ji da shi a dazuzzuka masu duhuwa inda ba a cika hango dabba daga nesa ba. Kamfanin ya biyo da .270 a 1925, da .308 a 1952, da .243 a 1955, sa'annan a 2007 kamfanin Hornady ya fito da 6.5 Creedmoor (lambarsa milimita ce, ba inci ba) wanda ya samu karɓuwa ƙwarai.

Game da wanne ya fi, amsar da za mu ba ka ita ce duk waɗannan suna kayar da barewa mai farin wutsiya, wadda ita ce aka fi farauta a Amurka, muddin harsashin ya shiga inda ya kamata. Wurin kuwa shi ne bayan kafaɗa kaɗan, inda zuciya da huhu suke, kuma faɗinsa bai wuce na faifai ba. A nan ne masu koyo da yawa ke yin kuskure, domin sai mutum ya sayi bindiga mai ƙarfin gaske bisa zaton cewa girma shi ne dacewa, alhali duk lokacin da ya harba sai ta tokare shi a kafaɗa, har jikinsa ya saba da zabura tun kafin ya gama jan kunama. Wanda ya zabura kuwa saitinsa ya kauce, harsashin ya samu ciki ko cinya, dabbar ta tsere da rauni ta je ta mutu a wahalce cikin daji. Tokarin .243 kusan rabin na .30-06 ne, shi ya sa ake yawan fara koya wa matasa harbi da shi. A ganinmu, bindigar da mutum zai iya riƙewa cikin natsuwa ya samu wuri ɗaya sau da yawa a jere ita ce ta dace da shi, ko da maƙwabcinsa zai raina ta. Mu ma addini ya hore mu da kyautata wa dabba ko a lokacin yanka, don haka wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu.

Wata baiwar Allah da ke zaune a Ingila ta rubuto tana tambaya ko gwamnati na da ta cewa a wannan zaɓi. Ƙwarai kuwa, Malama. Dokar barewa ta 1991 da ke aiki a Ingila da Wales ta hana harbin manyan barewa da harsashin da faɗinsa bai kai inci .240 ba, kuma dole ƙarfinsa ya kai kimanin jul 2,300 (jul ma'aunin ƙarfi ne) a daidai lokacin da ya bar bakin bindiga. A Jamus ana auna ƙarfin ne a nisan mita 100: jul 1,000 ga ƙaramar barewar da ba ta cika wuce kilo 30 ba, jul 2,000 da faɗin milimita 6.5 ga manya. Manufar duka ita ce kada a harbi dabba da abin da zai raunata ta kawai. A Amurka kowace jiha da tata dokar, kuma wasu jihohin da ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce da gidaje kusa da gonaki sun daɗe suna taƙaita bindigogi masu dogon zango, gudun kada harsashi ya wuce ya faɗa kan mutane. Jihar Ohio ta sassauta a 2014, ta yarda da harsasai masu miƙaƙƙen kwanso waɗanda ba sa tafiya da nisa sosai, kuma domin irin waɗannan jihohi ne aka ƙera .350 Legend a 2019.

Tambaya ta ƙarshe daga Zinder take, inda mai sauraronmu ya ce ya ji ana hana harsashin dalma, yana neman sanin dalili.

Harsashin farauta an ƙera shi ne don kansa ya buɗe ya yi faɗi da zarar ya shiga jiki, ta yadda dabbar za ta mutu nan da nan. Irinsa ne yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Hague ta 1899 ta haramta a fagen yaƙi, amma a farautar barewa dokar Birtaniya ma wajabta shi ta yi. Matsalar ita ce idan na dalma ya buɗe yakan farfashe, ɓurɓushinsa ya bazu cikin naman har nesa da inda ya huda, kuma ido ba ya ganinsa. A 2008 hukumomin jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota sun janye naman barewa da aka bayar sadaka ga mabuƙata bayan an gano dalma a ciki. Mu da muka ga yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani a kan haɗarinta ga ƙananan yara. Haka kuma kayan cikin da mafarauci ke bari a daji tsuntsaye ne ke cinye su, kuma ta nan ne gubar ta yi ta kashe wata irin babbar ungulu ta Kalifoniya da ta kusa ƙarewa a duniya, har jihar ta hana farauta da dalma gaba ɗaya daga ranar 1 ga Yulin 2019.

Abin da ya maye gurbinsa shi ne harsashin jan ƙarfe, wanda yake buɗewa ba tare da ya farfashe sosai ba. Sai dai jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka harsashinsa yakan fi tsawo, kuma yana buƙatar gudu sosai kafin ya buɗe, abin da ya sa mafarauta ke zaɓar wanda ya ɗan fi sauƙin nauyi. Wannan ne ya sa a 2023 gwamnatin Scotland ta rage mafi ƙarancin nauyin harsashin harbin manyan barewa daga kimanin giram 6.5 zuwa 5.2. Duk wanda ya sauya harsashi kuma, wajibi ne ya koma filin gwaji ya sake daidaita madubin saitinsa kafin ya shiga daji, domin harsasai iri biyu ba sa faɗawa wuri ɗaya ko da daga bindiga ɗaya suka fito.