Wai me ya hana Amurka karɓe bindigogi duk da yaran makarantar da ake kashewa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Amurka za mu leƙa, kuma tambayar da za mu warware ita ce wadda kusan kowa ke yi duk lokacin da aka ce wani ya shiga makaranta can ya buɗe wa yara wuta: wai su mutanen nan me ya hana su karɓe bindigogin ne kawai kowa ya huta?

Mu fara da Uvalde, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Texas. Ranar 24 ga Mayun 2022 wani matashi ɗan shekara 18 ya shiga firamaren Robb da bindiga ƙirar AR-15 ya kashe yara 19 da malamai mata 2. Bindigar nan fa ba sata ya yi ba, ba kuma a bayan fage ya samo ta ba, yana cika 18 ya je ya saya a bisa doka, a ƙasar da sai ka kai 21 kafin a sayar maka da giya. Jami'an tsaro 376 ne suka taru a wurin amma sai da aka kwashe minti 77 kafin su kutsa ajin su harbe shi, iyaye na waje suna kuka suna roƙon a shiga, yara na ciki suna kiran lambar gaggawa ta 911 da raɗa suna cewa don Allah a turo 'yan sanda, alhali 'yan sandan na nan tsaye a bakin ƙofa.

Kuma ba shi ne farau ba. An yi na Columbine a Colorado a 1999, an yi na jami'ar Virginia Tech a 2007 inda mutum 32 suka mutu, an yi na Sandy Hook a Connecticut a Disambar 2012, yara 20 'yan shekara 6 da 7 da manya 6 ma'aikatan makarantar, sannan Parkland a Florida a 2018, mutum 17. Duk lokacin da aka yi abu ɗaya ake maimaitawa, a sassauto da tuta, 'yan siyasa su fito su ce addu'armu na tare da iyalan, a yi sati biyu ana cacar baki a talabijin, shikenan. Abin da zai ba ka mamaki ma shi ne kasuwar bindiga tashi take yi, bayan Sandy Hook mutane rububin saye suka dinga yi don tsoron kar a hana.

To ina matsalar take? Ta farko kundin tsarin mulki. Tun 1791 aka saka wani sashe da ake kira gyara na biyu, jimla ɗaya ce tal, tana cewa tunda ƙasa mai 'yanci na buƙatar mayaƙan sa kai masu tsari, to kar a tauye haƙƙin jama'a na mallaka da ɗaukar makami. An daɗe ana jayayya, shin haƙƙin na mayaƙan sa kai ne ko na kowane mutum? Sai 2008 Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar Heller, alƙalai 5 suka rinjayi 4, suka ce haƙƙin mutum ne shi kaɗansa ya ajiye bindiga a gida don kare kai. A 2010 suka ce jihohi ma hukuncin ya hau kansu. Sai kuma ranar 23 ga Yunin 2022, kusan wata ɗaya bayan Uvalde, a shari'ar Bruen, kotun ta ce kana da damar fita waje da bindigarka, ta ƙara da cewa duk dokar taƙaita bindiga sai an nuna ta yi daidai da irin dokokin da ƙasar ta saba da su tun da can. Wato lauyoyi su koma tonon takardun shekara ɗari biyu kafin a yi hukunci kan bindigar zamani. Idan kuma ka ce to a goge sashen mana, sai ka samu kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince, wanda a siyasar Amurka ta yau ko mafarkinsa ba a yi.

Amma kar a ɗora wa kotu komai, don ita kanta ta ce haƙƙin yana da iyaka, ko a 2024 ta amince a raba mutum da bindiga idan kotu ta same shi barazana ne ga matarsa. Akwai dokoki da yawa da za a iya yi ba tare da an taɓa kundin ba. Inda suke mutuwa shi ne majalisar dattawa.

Ku dubi abin da ya faru bayan Sandy Hook. Dama tun dokar Brady ta 1993 aka tanadi a binciki tarihin mai saye idan a shago mai lasisi zai saya, ko ya taɓa aikata babban laifi, ko kotu ta hana shi riƙe makami. Amma idan hannu da hannu ne tsakanin mutum biyu, a jihohi da yawa babu wannan binciken. Sai sanatoci biyu, Joe Manchin ɗan Democrat da Pat Toomey ɗan Republican, dukkansu kuma masu ra'ayin bindiga ne, suka kawo ƙudirin a faɗaɗa binciken ya haɗa da kasuwannin baje kolin bindiga da cinikin intanet. Ƙuri'un jin ra'ayi a lokacin na nuna wajen kashi 90 cikin 100 na jama'a sun yarda da a yi binciken. A Afrilun 2013 aka kaɗa ƙuri'a, 54 suka ce eh, 46 suka ce a'a, kuma ƙudirin ya faɗi. Eh, haka kuka ji, mai 54 ne ya faɗi, saboda ƙa'idar majalisar sai an samu 60 cikin 100 kafin irin wannan ya wuce. Ga shi kowace jiha sanata biyu gare ta, Wyoming da ba ta kai mutum 600,000 ba kujerunta daidai suke da na California mai wajen miliyan 39, kuma ƙananan jihohin karkara nan ne cibiyar masu bindiga.

Nan ne mutane ke cewa ai kuɗin NRA ne, babbar ƙungiyar masu bindiga. Da gaskiya a ciki amma ni a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. An kafa NRA a 1871 don koyar da harbi, sai 1977 masu tsattsauran ra'ayi suka ƙwace shugabancinta a taron Cincinnati ta koma siyasa gadan-gadan, har maki take ba 'yan takara daga A zuwa F kamar 'yan makaranta. To amma ai ƙungiyar ta yi rauni sosai, rikicin kuɗi ya cinye ta, Wayne LaPierre da ya shekara 30 da ɗoriya yana jan ragamarta ya ajiye aiki a Janairun 2024 yana fuskantar shari'ar facaka da dukiyar ƙungiya a New York, kuma duk da haka lissafin majalisa bai wani canza ba. Ƙarfin yana hannun masu zaɓe ne. Wanda ke son a tsaurara doka yana da damuwa goma, tsadar kaya, haraji, asibiti, bindiga ɗaya ce a ciki. Shi kuwa mai kishin bindigarsa a kanta kaɗai zai kayar da kai a zaɓen fidda gwani, kuma shi ba ya fashin fitowa zaɓe. Ɗan siyasa ya san wanda zai manta da wanda ba zai manta ba.

Yanzu bari mu saurari masu bindigar, don ba adalci ba ne a ɗauke su marasa tausayin yara. Cewa suke yi miliyoyinsu na da bindiga shekara da shekaru, na farauta ne, na gadon kaka ne, ba su taɓa harbin kowa ba, don me za a hukunta su da laifin wani? Wanda ke zaune a ƙauye inda ɗan sanda sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya iso zai ce maka kafin su zo an gama da ni. Kuma ɓarawo ai ba ya neman lasisi. Ga yawan abin, wani ƙiyasi na Small Arms Survey da ya fito a 2018 ya ce bindigogi wajen miliyan 393 ne a hannun farar hula, kusan 120 ga kowane mutum 100, sun fi mutanen ƙasar yawa, to wa zai bi gida-gida ya karɓo? Sati ɗaya bayan Sandy Hook LaPierre ya faɗi maganar da ta zama takensu, wai ba abin da ke tsayar da mugu mai bindiga sai mutumin kirki mai bindiga, don haka a zuba masu gadi da makami a makarantu. Mu ma wannan hujjar ba baƙuwa ba ce a wajenmu, a Yunin 2022 ɗin nan dai gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Bambancin shi ne a Najeriya alfarma ce hukuma ke ba ka, can kuwa haƙƙi ne da kotu ke tsare maka.

Uvalde kuma kowa ya ja ta gefensa. Masu son a tsaurara suka ce ga mutanen kirki 376 da bindigogi, me suka tsinana? Masu bindiga suka ce yauwa, kun ga dalilin da ba za mu jira gwamnati ta cece mu ba.

Su masu son doka hujjarsu mafi ƙarfi ita ce sauran ƙasashe. A Maris 1996 wani ya kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane da ke Scotland, zuwa 1997 Birtaniya ta haramta kusan duk ƙananan bindigogin hannu. A Afrilun 1996 aka kashe mutum 35 a Port Arthur, firaministan Ostareliya na lokacin John Howard, mai ra'ayin mazan jiya ne fa, ya tsaurara doka gwamnati ta saye bindigogi wajen 650,000 ta lalata. Sai su ce masu taɓin hankali da yara masu wasan gem na harbe-harbe ai ko'ina akwai su, me ya sa sai Amurka abin ke ta maimaituwa? Ita ma Amurkar ta taɓa hana sayar da sabbin bindigogi irin na yaƙi a 1994, amma wa'adin shekara 10 aka ba dokar, da 2004 ta zo aka bar ta ta mutu.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, harbin makaranta shi ke tayar da hankali amma ɗan ƙaramin kaso ne na asarar. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, sama da rabi kansu suka kashe, kuma ko a inda wani ya kashe wani ma yawanci ƙaramar fistol ce ake amfani da ita, ba AR-15 da ake ta rigima a kanta ba. Tun 2020 kuma bindiga ta wuce haɗarin mota ta zama abin da ya fi kashe 'yan shekara 1 zuwa 19.

To ba abin da ya canza kenan? Ya canza, sai dai ba a inda kyamara take ba. Bayan Parkland ɗaliban da suka tsira suka ƙi yin shiru, suka cika Washington da zanga-zanga a Maris 2018, kuma a watan Florida, jihar da 'yan Republican ke mulki, ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21 ta kuma ba alƙali ikon karɓe makamin wanda aka ga alamar zai yi ɓarna na wani lokaci. Bayan Uvalde majalisar dattawa ta samu ƙuri'a 65 kan wata sabuwar doka, Biden, shugaban ƙasa na lokacin, ya sa hannu ranar 25 ga Yunin 2022, ƙarin bincike ga 'yan ƙasa da 21 da kuɗin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, doka ce 'yar ƙarama amma ita ce mafi girma cikin kusan shekara 30. A ɗaya ɓangaren kuma sama da rabin jihohi yanzu ba ka buƙatar lasisi ka soke bindiga a ƙugu ka fita, Tennessee ma bayan an kashe yara 3 da manya 3 a wata makaranta a Nashville a 2023, dokar da ta yi a 2024 ta ba malamai damar shiga makaranta da bindiga ce. Ƙasa ɗaya, amma kowace jiha ta kama gabanta.

Sai ƙananan kotuna, wanda ni nan na fi zuba ido. Akwai dokar 2005 da ta kare kamfanonin bindiga daga yawancin ƙararraki, amma iyalai tara na Sandy Hook suka zagaya ta hanyar talla, suka ce yadda aka tallata bindigar ya saɓa dokar jiharsu, a 2022 aka sasanta kan dala miliyan 73 da kamfanonin inshorar Remington, wanda ya ƙera bindigar, suka biya.

Sannan ga shari'ar Oxford a Michigan. A Nuwamban 2021 wani uba ya sayo fistol aka ba ɗansa mai shekara 15 kyauta. Bayan kwana huɗu malama ta ga yaron ya zana bindiga da jini a takardar lissafi, ya rubuta cewa tunanin ya ƙi tsayawa, a taimake shi. Aka kira iyayen makaranta da safen nan, suka zo suka ga zanen da idonsu, ba su ce wa kowa sun saya masa bindiga ba, ba su tafi da shi gida ba, suka ce aiki na jiransu. Bindigar na cikin jakarsa a lokacin. Bayan 'yan awanni ya kashe ɗalibai 4. A 2024 aka samu uwar da uban, Jennifer da James Crumbley, da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka ba kowannensu shekara 10 zuwa 15, karo na farko kenan a Amurka da aka samu iyaye da laifin kisa saboda harbin da ɗansu ya yi a makaranta. Kuma a Satumbar shekarar da wani ɗan shekara 14 ya kashe mutum 4 a sakandaren Apalachee a Georgia, washegari aka kama mahaifinsa shi ma, don shi ya saya masa bindigar.