Mutum Uku Ne Kacal: Yadda Aka Tara Muryoyin Bohemian Rhapsody

[Allo baƙi. A saki waƙar daga dab da wurin da ake cewa "Bismillah", a bar ta ta yi daƙiƙa goma, sannan a rage sauti]

Assalamu alaikum, jama'a. Tun da muka ɗora wannan ɗan guntun sauti a makon jiya, wurin sharhi bai huta ba. Gida biyu kuka rabu. Wasu suna tambaya: wai "Bismillah" muka ji, ko kunnenmu ne? Wasu kuma sun yanke hukunci tun ba a tambaye su ba, wai mawaƙan coci aka kwaso, mutum ɗari ko fiye, aka jera su a babban zaure. Wani ɗan uwa har rantsuwa ya yi cewa ya ƙirga murya arba'in. Malam, Allah ya ƙara wa kunnenka lafiya. Ƙila ma muryoyin sun fi arba'in. Amma maƙogwaron da suka fito daga ciki uku ne. Uku kacal.

Mu sallami tambayar farko da sauri. E, kalmar da kuka ji ita ce. Waƙar ita ce Bohemian Rhapsody ta ƙungiyar Queen, 'yan Ingila masu kiɗan rok, ta fito ranar 31 ga Oktoba 1975. Wanda ya rubuta ta, Freddie Mercury, a Zanzibar aka haife shi a 1946, tsibirin da yawancin mutanensa Musulmi ne. Iyayensa kuwa 'yan al'ummar Parsi ne na Indiya, ba Musulmi ba, kuma sun koma Ingila da zama a 1964. Har ya bar duniya bai yarda ya warware wa jama'a ma'anar baitocin ba. Saboda haka duk wanda ya zo muku da dogon sharhi a kai, nasa ne, ku barshi da kayansa.

[Hoton mutum huɗun. A zagaye kowa idan an kira sunansa]

Freddie a fiyano da jan waƙa. Brian May a jita, jitar da shi da mahaifinsa suka sassaƙa a gida, har da katakon wani tsohon murhu a jikinta. Roger Taylor a ganguna. John Deacon a jita mai kaurin sauti. Ku riƙe fuskar John ɗin nan, za mu dawo kansa.

[Zanen dogon layi a allo, an raba shi gida-gida, yana cika da launi]

Tsawon waƙar minti 5 da daƙiƙa 55. Tana farawa da muryoyi zalla, babu kiɗa. Sai fiyano ya shigo da waƙar tausayi, a hankali. Sai jita ta yi kukanta. Sai wannan wuri da ya rikita ku, wanda aka yi shi da kwaikwayon salon opera na Turai, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa a dandali. Daga nan sai rok mai nauyi, irin wanda ke sa direba ya taka mota bai sani ba. Sai a sauko, a rufe da bugun wani babban faranti na ƙarfe. Shi ke nan.

Kun lura da abin da babu? Babu amshi. Babu baiti ɗaya da ake dawowa kansa kowane minti don mai sauraro ya kama. A wajenmu waƙa ba amshi kamar tuwo ne ba miya, kuma gidajen rediyon Ingila na 1975 ma kusan haka suke kallon abin. Waƙar rediyo a lokacin minti uku ce da 'yan kai, a kan ƙaramin faifan garmaho, da amshin da yaro zai iya ɗauka a ji biyu. Ga wannan ta ninka tsawo, ga shi ba ta da mariƙa. Kamfanin EMI, mai fitar musu da faifai, ya yi ta ɗari-ɗari da ita, aka so a rage ta, su kuma 'yan Queen suka kafe.

To, mu shiga ainihin maganar.

[Hoton na'urar ɗaukar sauti ta da, manyan faya-fayan tef biyu suna juyawa]

Wannan ita ce na'urar ɗaukar sauti ta wancan zamani. Babu kwamfuta. Tef ne mai faɗin inci biyu, dangin zaren da ke cikin kaset, sai dai wannan yayansa ne. An raba faɗinsa zuwa layi 24, kamar titi mai hannu 24, kowane layi yana ɗaukar abu guda. Ganguna sun kwashe nasu layukan, fiyano ya ɗauka, jita biyu sun ɗauka, muryar mai jan waƙa ta ɗauka. Abin da ya rage wa taron muryoyi bai taka kara ya karya ba.

Yanzu ga inda da yawanku suka kauce. Wasu sun ce ai amsa-kuwwa aka saka. Wasu sun ce murya ɗaya aka ɗauka aka kwafa ta sau ɗari aka liƙa. Duka biyun ba haka ba ne, kuma zan nuna muku dalili da muryata, ku yi haƙuri da ita.

[Mai gabatarwa a gaban makirfo. Ya ja "aaa" sau ɗaya. A allo, zanen igiyar sauti guda]

Wannan ni ne sau ɗaya. Yanzu ga kwafin wannan ɗaukar sau tara, an jera su daidai wa daida.

[A saki sautin]

Me ya canza? Ƙara kawai. Mutum ɗaya ne dai, ya ɗaga murya. Yanzu kuma zan sake rerawa da bakina sau tara, kowace ɗauka daban.

[Zanen igiyoyi tara, kowace da ɗan bambanci. A saki sautin]

Kun ji? Yanzu ya zama taro. Dalili kuwa, ɗan Adam ba ya taɓa maimaita abu daidai cif. A wannan ɗauka na riga shiga da ƙiftawar ido, a waccan na ɗan makara, a wata muryar ta ɗan hau, a wata numfashi ya ɗan gaza. Waɗannan ƙananan saɓani su ne kunne yake fassarawa da cewa mutane ne da yawa. Kuskuren ne yake kawo kaurin. In ka share shi, taron ya watse.

Abin da Queen suka yi ke nan, sai dai su nasu da lissafi. Mai tsara musu sauti, Roy Thomas Baker, ya yi bayanin yadda abin yake. A ce ana son jimla ɗaya ta fito da hawa uku: na ƙasa, na tsakiya, na sama. Ba wai kowa zai ɗauki hawa guda ba ne a wuce wurin. A'a. Freddie da Brian da Roger za su tsaya tare su rera hawan farko baki ɗaya. A ɗauka. Su sake. A ɗauka a layi na biyu. Su sake, layi na uku.

[A allo: 3 × 3 = 9]

Murya tara ke nan a hawa ɗaya. Sai a yi wa hawa na biyu haka, na uku ma haka.

[A allo: 9 × 3 = 27]

Murya 27, a jimla guda, daga mutum uku. Kuma da yake muryoyin ba iri ɗaya ba ne, ta Brian mai taushi, ta Freddie mai ƙarfi da kaifi, ta Roger siririya mai tsaga sama, sai gaurayen ya ba da wani launi da babu ɗayansu da zai iya bayarwa shi kaɗai. Waccan ƙara mai tsini da ta rufe sashen, wadda wasu suka ce mace ce, Roger ne, mai ganguna.

Amma mun ce layukan ba su da yawa. Ina za a zuba duk wannan? A nan dabarar take, kuma a nan haɗarin yake.

[Zane: layi uku suna zubowa cikin layi ɗaya, sannan a goge ukun]

Idan layi uku suka cika, sai injiniya ya daidaita ƙarfinsu, ya juye su cikin layi ɗaya, ya goge ukun, a samu fili a sake ɗauka. Su cika, a sake juyewa, a sake gogewa. Wani lokaci abin da aka juye ɗin ma a haɗa shi da wani a sake juye shi. Ku tuna, babu maɓallin komawa baya. Kamar gishiri ne a miya: da zarar ya narke, ba mai tsamo shi. In bayan kwana uku aka gane cewa muryar Roger ta yi yawa a cikin haɗin, to sai dai a zubar da tukunyar a sake ɗora wata.

Sannan akwai asara a kowace juyewa. Waɗanda suka girma a zamanin kaset sun san zancen. Ka kai kaset a kwafa maka, abokinka ya kwafa daga naka, ƙaninsa ya kwafa daga nasa. Kafin a kai na biyar, sai ka ji mawaƙin kamar daga cikin rijiya yake, ga wani "shuuu" yana binsa. Haka tef yake. Shi kansa zaren yana cinyewa, domin duk wucewar da zai yi ta kan na'urar sai ɗan garin da ke riƙe sautin ya goge. Brian May ya sha ba da labarin cewa sun ɗaga tef ɗin a gaban fitila suka ga haske yana ratsa shi, suka yi maza suka juye aikin a sabo kafin ya tafi da wahalarsu.

Adadin da aka fi ambata shi ne ɗauka kusan 180 aka jibga, kuma wannan sashe, da bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba, ya ci kimanin mako uku. Mako uku, jama'a, ana maimaita 'yan kalmomi. Ni da na yi "aaa" sau tara ɗazu har na nemi ruwa.

[Ɗan gajeren hoto: matashi a ƙaramin situdiyo, iyafis a kunne, kwamfuta a gabansa]

In kun taɓa leƙa situdiyo a Kano ko Kaduna kun ga jikan wannan dabara: mawaƙi ya ja baiti, ya koma ya yi wa kansa amshi, ya sake ɗora wata murya a kai. Bambancin shi ne yau layi ba ya ƙarewa, kuma in an yi kuskure yatsa ɗaya ya isa. Ra'ayina ne, kuna iya musawa a ƙasa: sauƙin nan ya sa wasu sun daina sake rerawa, sai kwafa da liƙawa, shi ya sa amshin yake fitowa da ƙara amma ba kauri.

Ku sa iyafis yanzu, ku saurari yadda aka raba muryoyin, wata a kunnen hagu, mai ba ta amsa a na dama.

[A saki daƙiƙa goma sha biyar. Babu magana]

Af, kuma a bangon faya-fayansu na wancan lokaci, har da A Night at the Opera da wannan waƙa take ciki, sukan rubuta cewa ba su yi amfani da na'urar lantarki mai ƙirƙirar sauti ba. Wato sun san za a zarge su, sun riga sun kare kansu.

To yaya waƙar da aka ce ta fi ƙarfin rediyo ta shiga rediyo? Hotunanmu sun yi ƙaranci a nan, don haka da baki zan ba ku. Akwai wani mai gabatar da shiri a gidan Capital Radio na Landan, Kenny Everett, abokin Freddie. Aka ba shi kwafi tun ba a fitar ba, da sharaɗin kada ya saka. An ba kura ajiyar nama. A cikin kwana biyu ya saka ta sau 14. Mutane suka yi ta zuwa shagunan faifai suna neman abin da bai fito ba tukuna. Daga nan maganar ragewa ta mutu. Aka fitar da ita da tsawonta, ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya ta zauna mako tara. Bayan rasuwar Freddie a Nuwamba 1991 aka sake fitar da ita, ta koma na ɗaya mako biyar. A Amurka kuwa ta tsaya a na tara a 1976, sai a 1992 ta kai na biyu.

Wane salo za a kira ta? Masu rubutu suna jefa ta cikin rok mai gwaje-gwaje, wasu su ce rok mai nauyi, wasu su ce opera. Ni dai abin da kunnena ya ba ni: waƙoƙi ne daban-daban aka ɗinke a riga ɗaya, kuma ɗinkin bai nuna ba. Sashen opera ɗin ma da wasa a cikinsa, kamar mutum ya ari babbar riga ya shiga yana taƙama yana dariya.

[Bidiyon wasa a dandali: fitilu suna walƙiya, babu kowa a kan dandalin]

Ga hujja ta ƙarshe ga masu cewa taron mawaƙa ne. Duba dandalin nan. Ba kowa. Idan suna wasa a gaban jama'a aka iso wannan wuri, ficewa suke yi, a saki tef, fitilu su yi ta wasa, sai lokacin rok ya yi su faɗo da ƙarfinsu. Mutum uku ba za su iya fitar da murya 27 a lokaci guda ba, kuma ba su yi ƙaryar za su iya ba.

[Bidiyon waƙar na 1975: fuskoki huɗu cikin duhu, sannan su rarrabu su yi yawa]

Wannan bidiyon ma yana da laifi a ruɗanin. Bruce Gowers ne ya shirya shi, cikin 'yan sa'o'i aka ɗauka, kuma dabarar kyamara ce ta mayar da fuska huɗu ta zama cincirindo. Muryoyin da suka buɗe waƙar, da kuke ganin baki huɗu suna motsi a kansu, duk na Freddie ne shi kaɗai, ya ɗora kansa a kan kansa.

Tsayar mana da hoton a nan. Matso da shi. Kun tuna John Deacon da na ce ku riƙe fuskarsa? Ga shi nan yana buɗe baki tare da su, cikin natsuwa. A faifan, jitarsa kawai za ku ji.