Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon Saksofon da Littattafan Tallarsa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta yau daga Zariya take. Wani bawan Allah ya rubuto cewa ya gaji tsohon saksofon daga kakansa, amma sunan da aka zana a jikinsa ba na wani sanannen kamfani ba ne. Yana tambaya: jabu ne, ko yana da daraja?

To Malam, kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Wani ɗan Beljiyam, Adolphe Sax, shi ya ƙirƙiro wannan abin busa, ya yi masa rajista a Faransa a 1846. Amma kasuwarsa a Amurka ta fi bunƙasa a shekarun 1920, inda kamfanoni irin su Conn da Buescher da Martin na garin Elkhart a jihar Indiyana suka yi ta ƙera shi. Su ɗin nan kuma a wancan lokacin sukan ƙera wa manyan shaguna, shagon ya sa nasa sunan, ya buga hotonsa da farashinsa a littafin tallar kaya da ake aika wa mutane har gida. Don haka sunan na iya zama baƙo, aikin kuwa na gwanaye.

A nan ne tsofaffin littattafan tallar ke da amfani. Masu tara kayan kiɗa na ɗaukar hoton da ke ciki su gwada da siffar maɓallai da zanen jikin, sannan su duba lambar da aka buga a bayansa don gano shekarar ƙira.

Abin da na fi so ka duba shi ne harafin da ke kusa da lambar. Idan ka ga L, sautinsa ya yi daidai da kayan kiɗan yau. Idan H ne, an ƙera shi a kan ma'aunin da ya fi na yanzu tsayin murya, kuma ba ya jituwa da sauran makaɗa, gyara kuwa ba ya canza hakan.

Wata 'yar uwa daga Maraɗi kuma ta ce wanne ne masu busa suka fi nema? Samfurin Mark VI ne na kamfanin Selmer na Faransa, wanda aka fara fitarwa a 1954, irin wanda shahararren mabushin nan na Amurka, John Coltrane, ya busa.

Mai wasiƙar Zariya, kada ka goge shi da yashi ko toka don ya yi ƙyalli. Ka kai wa mai gyara ya sauya 'yan fatun da ke toshe ramukan, don su ne kan bushe su riƙa yoyon iska.