Ranar da aka sako ƙanena daga kaso

Assalamu alaikum mutanen Damagaram, na Birni da na Zango, da ku da ke kallo daga Mirya da Magarya. Ina cikin mota a Greensboro ta Amurka, ƙarfe shida na safe, sanyi kamar zai tsinke yatsu, ku kuwa rana ta take tsaka. Kafin mara lafiyar da nake jira ya fito, bari in ba ku labarin abin da ya hana ni barci makon nan.

Ɗan baffana ne, ƙanena. Kada ku tambaye ni suna ko laifi. Ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni a wani gidan kaso, watan jiya aka sako shi. Na aika jaka hamsin, aka ɗinka masa shadda, aka yi masa aski, aka yanka kaji. Inna har da guɗa. Duk cikinmu babu wanda ya ce masa, "Kai, lafiyarka fa?"

Bayan mako uku Inna ta kira ni ta WhatsApp. "Ɗan nan, yaron nan ba ya barci. Tari har asuba, ya tashi riga sharkaf da gumi." Na ce ta ba shi waya. Ya yi shiru, ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, a ciki kowace safiya ana ba ni ƙwaya, wadda ke sa fitsari ya yi ja." Gabana ya faɗi. Rifampicin ke nan, maganin tarin fuka. Ashe yana wata na uku da fara shan maganin aka buɗe masa ƙofa, katin maganinsa ya tsaya can ciki, shi kuma kunya ta rufe masa baki. Ga sunan ɗan kaso, ga kuma na mai tari, wanne zai ɗauka ya shiga zaure da shi?

Maganin nan wata shida ake sha, biyun farko haɗin magani huɗu, huɗun baya haɗin biyu. A tsakiyar nan mutum yake jin ya warke, tari ya lafa, abinci ya fara shiga. In ya bari, cutar tana iya dawowa, wani lokaci ma ta dawo ba ta jin maganin farko. Kuma ɗaki ɗaya yake kwana da samari uku, ƙofa a rufe saboda hunturu.

Aka ɗora shi a kabu-kabu zuwa likita. Ma'aikacin jinya ya ce yaushe ka fara, wace ƙwaya, ina kati? Babu. Kwana uku ana kai da komo, aka sake awon kaki daga farko. Maganin kyauta ne, gaskiya, amma mai kabu-kabu bai san kyauta ba.

Kada wani ya rubuto mini cewa ai Nijar ce. Aikina a nan kai marasa lafiya asibiti ne, galibinsu masu Medicaid, inshorar lafiyar talakawan Amurka. Tun 1965 doka ta hana gwamnatin tarayya biya wa ɗaurarre magani daga asusun nan, sai jihohi da yawa suka riƙa soke rajistar mutum da zarar an kulle shi. Na taɓa ɗaukar wani dattijo mai ciwon suga, kwanansa biyar da fitowa, duk dukiyarsa a leda ɗaya, yana girgiza kwalbar magani a kunnena, ƙwaya biyu suka rage. Wani bincike na jihar Washington da aka buga a 2007 ya gano cewa a mako biyun farko bayan saki, haɗarin mutuwar mutum ya ninka na sauran jama'a kusan sau 13, akasari saboda ƙwayoyin maye, don jiki ya riga ya manta da su. Sai a 2023 aka ba Kalifoniya izinin fara biya wa fursuna jinya tun kwana 90 kafin fitarsa, don a haɗa shi da likitan waje ya fito da magani a hannu. Daga Janairun 2026 kuma doka ta ce dakatar da rajista za a riƙa yi, ba sokewa ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta rubuta shi a 2015 cikin Ƙa'idojin Mandela, ƙa'ida ta 24: kada jinyar ɗaurarre ta yanke, har ta ambaci tarin fuka da ƙanjamau. Amma takardar da ta fi amfanar Inna ita ce ɗan katin nan da bai kai tafin hannu ba, kuma mu da muka je ƙofa da sabuwar shadda ba mu tambaye shi ba.

Yanzu an mayar da shi kan magani. Na ce wa ƙanwata ta ɗauki hoton sabon katin ta turo mini, samarin nan uku kuma gobe za a kai su awo, ko da ɗayansu yana ta gardama wai shi mura ce kawai. Ga mutumin nawa ya fito da sandarsa, bari in buɗe masa ƙofa. A gaida mutanen Kasuwar Dole.