Toni Morrison a Aji da kan Dandamali: Yadda Ta Ba da Labarin Margaret Garner Sau Biyu

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu malamai, ɗalibai maza da mata, barkanmu da wannan lokaci.

Duk inda aka ambaci Toni Morrison, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne ƙagaggun labaranta da kyautar Nobel ta 1993, wadda ita ce baƙar mace ta farko da ta taɓa samu a fannin adabi. Wannan an sha faɗarsa. Yau wani gefenta nake so mu leƙa, wato Morrison malamar jami'a, marubuciyar wasan kwaikwayo, wadda har baitocin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa, ta rubuta.

An haife ta ranar 18 ga Fabrairu, 1931, a garin Lorain na jihar Ohio a Amurka. Sunanta na yanka Chloe Wofford. Ta yi digirin farko a Jami'ar Howard a 1953, kuma ku riƙe wannan: tana ɗaliba a can ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta jami'ar, har suka zagaya kudancin Amurka suna wasa, a zamanin da doka ta raba baƙi da farare a otal da motar haya. Ashe dandamali ba baƙonta ba ne tun ƙuruciya. Daga nan ta yi digiri na biyu a Cornell a 1955, ta koyar a Texas Southern, ta dawo Howard ta koyar. Aurenta ya mutu a 1964, ta zauna da 'ya'ya maza biyu, sai ta kama aikin edita a kamfanin buga littattafai na Random House, inda ta zauna har 1983. Ta hannunta tarihin rayuwar 'yar gwagwarmaya Angela Davis da na ɗan dambe Muhammad Ali suka fito.

A wannan ofishin ne abin da ya kawo mu yau ya samo asali. Suna haɗa wani kundi mai suna The Black Book, wanda ya fito a 1974, tarin tsofaffin hotuna da takardun cinikin bayi da yankakkun jaridu. A ciki ta ci karo da wani rahoto na 1856 kan wata baiwa, Margaret Garner.

Ga abin da ya faru. A watan Janairun 1856 sanyi ya yi tsanani har kogin Ohio ya daskare. Kogin nan shi ne iyaka: ta kudu jihar Kentucky, inda ake bauta, ta arewa jihar Ohio, inda aka haramta ta. Margaret da mijinta Robert da 'ya'yansu huɗu da iyayen mijin suka taka ƙanƙara suka haye zuwa Cincinnati. Ba su jima ba masu farautar bayi da jami'an gwamnati suka kewaye gidan da suka fake. Da ta ga babu makawa, sai ta ɗauki wuƙa ta yanka 'yarta mai shekara biyu, ta kuma nufi sauran, don kada a mayar da su bauta. Aka riƙe ta kafin ta ƙarasa.

To, a nan shari'a ta shiga tsaka mai wuya. In aka gurfanar da ita da laifin kisan kai a ƙarƙashin dokar Ohio, an yarda ke nan ita mutum ce, 'yar da ta kashe ma mutum ce. In kuwa aka bi dokar tarayya ta 1850 kan bayin da suka gudu, to ita da 'ya'yanta dukiya ce da za a mayar wa mai ita. Lauyanta John Jolliffe ya yi ta fafutukar a tuhume ta da kisan kai. Ku dubi wannan al'amari, jama'a: lauya yana roƙon a ɗora wa wadda yake karewa laifin da hukuncinsa zai iya zama rataya, saboda ita kaɗai ce hanyar da doka za ta gan ta a matsayin ɗan Adam. Bai yi nasara ba. Dokar tarayya ta rinjaya, aka mayar da ita Kentucky, daga baya aka tura ta can ƙurya kudu, inda ta rasu tana baiwa.

Morrison ta daɗe tana juya labarin nan a ranta kafin ta fitar da Beloved a 1987, littafin da ya ci kyautar Pulitzer a 1988. Wanda ya karanta ya san cewa ba ta kai mu zauren kotu ba. Ta sauya wa matar suna zuwa Sethe, ta bar ta da 'yanci, ta ɗauko labarin bayan shekara goma sha takwas, lokacin da yarinyar da aka yanka ta dawo gidan. Damuwar littafin ita ce yadda uwa za ta rayu da abin da hannunta ya aikata. Tambayar kotu, ta mutum ko dukiya, an ajiye ta a gefe.

Bari in ɗan ratse, domin a tsakanin nan ne ta gwada wasan kwaikwayo. Tana farfesa a jami'ar jiha da ke Albany ta rubuta Dreaming Emmett, aka fara nuna shi a Janairun 1986. Kan Emmett Till ne, yaro ɗan shekara 14 da fararen fata suka kashe a Mississippi a 1955, kotu kuma ta sallami waɗanda aka tuhuma. A wasan, yaron ne ya dawo yana fuskantar waɗanda suka yi masa wannan aika-aika. Ba ta bari an buga shi littafi ba. Amma ku lura, mamacin da ya dawo neman bahasi, shi ne dai muka sake gani a Beloved shekara guda bayan haka.

A 1989 ta koma Jami'ar Princeton, ta riƙe kujerar farfesa har ta yi ritaya a 2006. Littafinta na nazari, Playing in the Dark na 1992, ya nuna yadda manyan marubutan Amurka farare suka gina ma'anar 'yanci a labaransu ta hanyar jingina da baƙin mutum da ba a ba shi bakin magana ba. A 1994 ta kafa wani shiri, Princeton Atelier, wanda ke haɗa ɗalibai da ƙwararrun mawaƙa da masu rawa da daraktoci su ƙirƙiri aiki tare. Malamin adabi yakan saba da kaɗaici, daga shi sai littafi. Ita kuwa da gangan ta riƙa jefa kanta inda dole a yi aikin gayya. Tun 1992 ta rubuta wa André Previn baitoci ya sa musu kiɗa, Kathleen Battle ta rera.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera kusan duk maganarsa, da rakiyar babbar ƙungiyar makaɗa. Mutum biyu ke haɗa shi: ɗaya ya rubuta baitoci, ɗaya ya tsara kiɗa. Kuma in gaya muku gaskiya, mai baitocin shi ne ƙaramin abokin tarayya. Jimlar da za ka faɗa cikin daƙiƙa uku, mawaƙiya za ta iya jan ta rabin minti, don haka dole rubutun ya zama gajere ƙwarai. Dole ka kula da wasalin da zai faɗa kan murya mai tsini, domin akwai wasulan da ba sa buɗuwa a maƙogwaro in an hau sama. Mai kiɗa yana iya cewa a cire layin da ka fi ƙauna, a cire. Ga marubuciya irin Morrison, wadda ƙarfinta yana cikin dogayen jimloli masu kai da komo tsakanin jiya da yau, wannan kamar a ɗaure wa ɗan kokawa hannu ɗaya ne a ce ya shiga fage.

Ta shiga. Ita da mai tsara kiɗa Richard Danielpour suka yi opera mai suna Margaret Garner, aka fara nuna ta a Detroit a watan Mayun 2005, Denyce Graves ta fito a matsayin Margaret. A shekarar aka kai ta Cincinnati, garin da abin ya faru, sannan Philadelphia a 2006.

A wannan karon ta mayar wa matar sunanta na gaskiya, ta miƙe labarin daga farko zuwa ƙarshe ba tare da fatalwa ba, ta kuma kafa kotun da ta kauce wa a littafi. Ana tuhumar Margaret da sata da ɓarnata dukiyar ubangidanta, dukiyar kuwa 'ya'yan cikinta ne. 'Yar ubangidan ce ta tashi tana cewa a kira abin da sunansa, kisan kai. Aka yanke wa Margaret hukuncin rataya. Tana kan dakalin rataya afuwa ta iso, bisa sharaɗin ta koma hannun ubangidanta, sai ta zaɓi igiyar da kanta.

Masana tarihi za su ce ba haka aka yi ba, kuma gaskiyarsu. A ra'ayina ma operar ba ta kai littafin zurfi ba. Ubangidan ya fito mugu ƙarara, babu ruɗanin da ke sa mai karanta Beloved ya kasa yanke wa Sethe hukunci. Sai dai akwai abin da takarda ba za ta iya ba. A zauren opera, inda aka saba jin sarakuna da gimbiyoyin Turai, baiwa ce ke tsaye a tsakiya, muryarta ta danne ta alƙalai da makaɗa gaba ɗaya, ga kuma ayarin mawaƙa biyu, na bayi da na farare, suna amsa wa juna.

Aikinta na ƙarshe na dandamali shi ne Desdemona, wanda aka fara a Viyana a 2011, Peter Sellars ya ba da umarni, Rokia Traoré 'yar ƙasar Mali ta yi waƙoƙin. A wasan Othello na Shakespeare an ambaci wata baranya, Barbary, a layuka kaɗan kawai. Morrison ta ɗauke ta a matsayin 'yar Afirka, ta haɗa ta da Desdemona, matar Othello, a lahira, inda baranyar ta tuna wa uwarɗakinta cewa ko sunanta na ainihi ba ta sani ba. Morrison ta rasu ranar 5 ga Agusta, 2019, tana da shekara 88.

Shugaba yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɗalibai.